Iskar Bahar Maliya da kuɗin da na canzo a Wapa

Duk wanda ya shigo kemis ɗina a Tarauni ya hango hoton da na liƙa a bayan kanta, mutum cikin baƙaƙen kaya da tukunyar iska a gadon baya, sai ya tambaya ko ni ne. Ni ne. A Dahab na koyi nutso, lokacin ina karatun haɗa magunguna a Masar. Hajiyarmu har gobe ba ta daina mita ba, wai yaron da ko a Tiga bai taɓa tsoma ƙafa ba shi ne zai je yana bin kifi a ruwan da ya ci Fir'auna.

Shekara uku ina tara kuɗin tafiya guda. Masarawa suna ce mata safari. Jirgin ruwa ne mai ɗakunan kwana da kicin, a cikinsa za ka ci, ka yi salla, ka yi barci har kwana bakwai, ana nutso sau uku ko huɗu a rana. Dalilin wannan wahala shi ne akwai wuraren da ƙananan jiragen je-ka-dawo ba sa iya kaiwa. Tsibiran Brothers, waɗanda Larabawa ke kira El Akhawein, suna can tsakiyar Bahar Maliya, kusan kilomita 70 daga garin Ƙusair. A kan babban akwai hasumiyar fitila da Turawan Ingila suka gina a 1883, a ƙarƙashinsa kuma ga gawar jirgin Numidia da ya nutse a 1901, tana jingine a jikin dutse, murjani ya lulluɓe ta. Daga nan sai Daedalus, inda ake ganin kifin shak mai kai kamar guduma. Kamfanoni ba sa yarda su kai ka wuraren nan sai littafinka ya nuna ka yi nutso hamsin. Nawa ya cika hamsin da biyu, kuma na san yadda na sha kafin ya cika.

Na je Wapa na sayi Yuro a lokacin da Naira ke kwance, ɗan canjin yana ƙirga min yana girgiza kai da ya ji abin da zan yi da su. Na tura kafin alƙalami, wata biyu kafin tafiya na cika ragowar. Na yanki tikitin Kano zuwa Alƙahira, daga can zuwa Marsa Alam. Hunturu ne, na baro Kano cikin hazo.

Tun a mota daga filin jirgi zuwa tashar Port Ghalib na ga bishiyoyin dabino sun sunkuya gefe ɗaya. Da dare bayan an ci abinci, wakilin kamfanin ya zauna a falon jirgi da kalkuleta da ambulan, yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuɗin da ba sa cikin farashin farko, a hannu ake biya: na izinin shiga gandun ruwan da gwamnati ke karewa, wato su Brothers da Daedalus, da kuma ƙarin kuɗin mai saboda nisan hanya. Ina miƙa masa kuɗina ina jin igiyoyin da aka ɗaure jirgin da su suna kuka, tutar da ke samanmu tana faɗa kamar ana kaɗe tabarma. Ya rubuta min rasit, ya ce gobe da asuba sai Brothers, in sha Allahu.

Gari ya waye muna nan a ɗaure. Masu gadin teku sun hana fita. Washegari ma haka.

A rana ta biyu wani Bature daga cikinmu ya hau sama wurin matuƙi, rayyis kamar yadda ma'aikata ke kiransa, yana ɗaga murya cewa ya taɓa tafiya cikin iskar da ta fi wannan. Rayyis dattijo ne mai furfura, da kofin shayi a hannu. Bai ce masa uffan ba sai da ya gama. Sannan ya ajiye kofin, ya nuna masa bayan katangar tasha inda ruwa ke tashi fari fat, ya ce da Larabci, ni na fassara wa mutumin: "Ka ce masa ina da 'ya'ya huɗu, kuma ina so shi ma ya koma wurin nasa."

Ina tare da rayyis ɗari bisa ɗari, kuma har yau ina yi masa addu'a. Daga wannan tashar ce jirgin masu nutso Sea Story ya tashi ranar 24 ga Nuwamba 2024 da mutum sama da 40 a ciki, bayan hukumar hasashen yanayi ta Masar ta yi gargaɗin cewa teku za ta yi fushi. Kafin gari ya waye ya kife. An ceto sama da 30, an tsamo gawa huɗu, bakwai ba a gan su ba. Gwamnan lardin ya ce wata babbar igiyar ruwa ce ta buge shi, wasu daga cikin waɗanda suka tsira kuma suka ce ba haka suka gani ba. A Fabrairun 2025 hukumar binciken haɗarin jiragen ruwa ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi cewa ta san da haɗari 16 na irin waɗannan jirage a Bahar Maliya cikin shekara biyar. Mu mutanen Kano ma ba sai an ba mu labarin abin da ruwa ke yi ba, ba mu manta da Ɓagwai a 2021 ba. Matuƙin da ya ce ba zai fita ba, a sumbaci hannunsa.

Rigimata da ofis ce.

A rana ta uku aka bar mu muka fita, amma gefen gaɓa kawai, inda tudu ke kare iska. Kowace safiya jagoran nutso yana zana taswirar wuri a farin allo, ya nuna inda za a shiga da inda kwalekwalen roba zai ɗauke mu. Ya riga ya zana Big Brother, wato babban tsibirin, tun daren farko, da 'yar hasumiyarsa da komai. Ina kallo ya sa tsumma ya goge, ya zana Abu Dabbab. Wuri ne mai kyau, kada in yi butulci. Na ga kunkurun ruwa ya kai faɗin tabarmar salla yana kiwo a ciyawar ƙasa, ko kallona bai yi ba. Amma Abu Dabbab daga bakin gaɓa ake shiga da ƙafa. Wanda ya kama ɗaki a otal ya biya 'yan kuɗi kaɗan zai ga kunkurun nan. An yi mana alkawarin nutso wajen ashirin, muka tashi da goma sha ɗaya, ba ko ɗaya a inda muka biya domin mu je.

Ranar sauka na tambayi wakilin zancen kuɗin izini da na mai. Ya buɗe waya ya nuna min wani sakin layi a yarjejeniyar da na danna "na amince" ban karanta ba: hanya na iya canzawa saboda yanayi, hukuncin matuƙi ne na ƙarshe, ba a mayar da kuɗi. Ya ba kowa takardar ragin kashi goma cikin ɗari a tafiya ta gaba, mai aiki shekara ɗaya. Ga Bajamushen da zai hau jirgi awa huɗu da 'yan kai ya sauka a Marsa Alam, wataƙila wannan wani abu ne. Ni da zan sake neman biza, in sake komawa Wapa, in rufe ido in bar shago a hannun yara mako biyu, takarda ce kawai. Inshorar da na yanka kuwa ta jinya ce, in mutum ya taso da sauri iska ta taru masa a jini a kai shi ɗakin matsi. Ba ruwanta da tafiyar da ta lalace.

Abin da ya fi ci min rai shi ne daren ambulan. Hasashen iska ba gaibu ba ne, yana cikin wayar kowane ɗan jirgi kwanaki kafin lokacin, kuma kowa a harkar ya san iskar arewa na tsananta a wannan teku. Sun san da ƙyar ne mu je. Suka karɓi kuɗin ƙofar da suka san ba lalle mu shiga ba, da kuɗin man da ba a ƙona ba.

Da na dawo na je gaida Baffa a cikin gari. Yana zaure bayan la'asar, ɗalibai sun watse, sai buzu da littattafai. Na ba shi labari tun daga farko, ina tsammanin zai ce min maganina ke nan. Sai ya yi shiru, ya ce, "Kai ɗan nan, ashe Risalar da ka zauna a nan ka karanta ta bi ruwa ita ma?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a tuna min."

Ya jawo littafin Ibn Abi Zaid, bai ma buɗe ba, ya karanto da ka: "Wa la damana ala sahibis safinati, wa la kira'a lahu illa alal balag." Ya fassara min kamar yadda yake yi wa yara: mai jirgin ruwa ba a ɗora masa lamunin abin da ruwa ya yi, amma kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Na gyara zama, na ce to ashe duka kuɗina za su dawo min da su. Ya ɗaga hannu. "A'a, kada ka yi azarɓaɓi. Kwana bakwai ka yi a ɗakinsu?" Na ce e. "Ka ci abincinsu?" Na ce sau uku a rana, har da ƙari. "To wannan haƙƙinsu ne. Naka ciniki ne mai haɗe-haɗe, ba dakon kaya zalla ba. Amma abin da aka karɓa da sunan wani wuri, ba a je wurin ba, da wane suna za a ci shi?"

Mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi a hanyar Jidda, ya raba min abin da na kasa rabawa ina tsaye a gaban wakilin. Kuma ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhazan 2023 an mayar wa kowannensu Riyal 150 ta hannun NAHCON saboda matsalar wutar lantarki a Mina. Ba wanda ya ce a dawo masa da kuɗin kujera, abin da aka biya ba a samu ba shi aka mayar.

A daren na rubuta wa kamfanin wasiƙa. Na cire duk zafin da ke cikin ta farkon da na fara rubutawa a filin jirgi. Na yaba wa rayyis da ma'aikatansa, na ce ban nemi ko sisi daga kuɗin ɗaki da abinci ba. Na liƙa hoton rasit, na nemi abu biyu kacal, kuɗin izini da na mai, na kuma ce in ba su amsa ba zan kai ƙorafi ga CDWS, ƙungiyar da ke sa ido kan harkar nutso a Masar. Na tura wa sauran da muka yi tafiyar tare a zaurenmu na WhatsApp, mutum tara suka aika irinta. Yanzu in wani ya tambaye ni, nakan ce masa kafin ya tura kafin alƙalami ya sa su rubuta masa baƙi a kan fari abin da za su mayar in jirgi ya kwana a tasha, kuma kuɗin izini kada ya fita daga aljihunsa sai ya ga an kwance igiya.

Mako biyar suka yi kafin su amsa. Sun mayar da kuɗin izinin, na mai kuwa suka ce injin bayar da wuta ya yi ta aiki ko da jirgi na tsaye. Banki ya yanki nasa a hanya. Abin da ya iso na cire na sayi buhun shinkafa na kai wa Baffa, ya duba buhun ya dube ni, ya tambaya ko a can ƙasan na ga wani abu da ya yi kama da keken dokin Fir'auna. Na ce masa kunkuru kawai na gani.