Kafin a ce wa yaro daƙiƙi

Yaran da malamai ke turo mini a firamarorin Anka da Bukkuyum kusan iri ɗaya ne: mai ƙiriniya, mai tashi daga benci, mai zura wa taga ido ana tsakiyar darasi. Larurar rashin natsuwa, wadda likitoci ke kira ADHD, tana da ƙa'ida. Sai an ga alamomi shida cikin tara, sun yi wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma a wuri biyu, gida da makaranta. Don haka bakin malami kaɗai ba ya isa. Ina zama da uwar yaro, wani lokaci har malamin allo.

Kuskuren da na fara yi shi ne gwada basirar yaro da rana, ya dawo talla, cikinsa ba komai. Gwajin yana da sashen riƙe lambobi a ka da sashen sauri, nan kuwa masu larurar suke zubar da maki ko da kwanyarsu na ja. Yanzu da safe nake yi, bayan an sha koko, da Hausa zalla, da hutu duk bayan minti 15. Nakan fara da gwajin zane na Raven, wanda ba ya buƙatar karatu.

Larurar galibi gado ce, amma an fi samun ta a gidajen marasa ƙarfi, kuma abin ta fuska biyu yake zuwa. Uban da ke da ita kan bar makaranta da wuri, sana'a ta ƙi zama. Talauci kuma na jawo haihuwar bakwaini da ƙarancin jini. A nan Zamfara ga gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Dalma na taɓa natsuwa da basira duka biyu. Idan ana niƙa dutsen zinare a gida, wanda daga shi dalmar ke fitowa, gwajin jini nake fara nema.

Ɗan mai hali, malamin lesin na rufa masa asiri shekaru. Ɗan talaka a aji cike maƙil bulala ce rabonsa.

Kafin in ce larurar ce, ina duba kunne mai ruwa da ƙaramar farfaɗiya, mai sa yaro ya daskare na daƙiƙu kaɗan. Wanda ya tsallake waɗannan, ina tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, malami kuma ya dawo da shi bencin gaba, ya riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya.