Ciwon Hanta Lokacin Goyon Ciki: Haɗarin Uwa Daban, Na Jariri Daban

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda ake ɗaukar ciwon shawara a jikin mai juna biyu tamkar cuta ɗaya, alhali ƙwayoyin cutar da ke kama hanta sun bambanta ƙwarai, kuma kowace da irin ɓarnar da take yi.

Wanda ya fi tsoratar da ni shi ne ciwon hanta nau'in E, wanda ake ɗauka ta hanyar shan ruwan da bahaya ya gurɓata. Ga yawancin mutane yakan warke da kansa cikin 'yan makonni, amma idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, hanta na iya gazawa farat ɗaya, jini ya ƙi daskarewa, a haifi bakwaini ko kuma ɗan ya mutu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace-macen masu ciki a wannan mataki na iya kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

Nau'in B kuwa a ɓoye yake aikinsa. Uwa na iya kasancewa garau, ba ta jin komai, amma ta shafa wa jaririnta ƙwayar a lokacin haihuwa, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na jariran da suka kamu a wannan lokaci cutar takan zauna musu har girma, ta kai wasu ga ƙandarewar hanta ko ciwon daji. Abin da ke sosa mini rai shi ne kariyar tana nan: allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, sannan maganin tenofovir daga mako na 28 ga uwar da ƙwayar ta yi yawa a jininta, kamar yadda hukumar ta ba da shawara a 2020. Shayarwa ma ba ta haramta ba. Nau'in C bai cika wucewa ga jariri ba, kusan 5 ko 6 ne cikin 100.

Ta fuskar bakteriya, taifod na iya kumbura hanta, zazzaɓinsa mai zafi kuma ya jawo ɓari. Listeriya, wadda ake samu daga madarar da ba a tafasa ba, takan zo wa uwa kamar mura kawai, amma tana ratsa mabiyiya ta halaka ɗan tayi. Waɗannan suna jin magani idan an gano su da wuri.

Saboda haka nake ganin kuskure ne babba a jinkirta gwajin jini idan idon mai ciki ya yi rawaya, ballantana ma shi kansa hawan jinin masu ciki na iya taɓa hanta, kuma kulawar da yake bukata daban ce. Gwajin nau'in B ya kamata a yi shi tun a awon ciki na farko, ko da babu wata alama.