Godiya bayan kammala shirinmu kan kundin Queen na ƙarshe

Alhamdu lillahi, an sallame ni, ina gida, kuma kashin ƙarshe na shirinmu kan Made in Heaven, kundin waƙoƙi na ƙarshe na ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Queen, ya fita a rediyo daren jiya. Kun bi mu tun ranar da maƙogwarona ya fara ciwo har aka shiga da ni tiyata, ba sai na maimaita ba. Har yanzu likita bai ba ni izinin magana ba, da alli da allo nake kiran yara.

Rana ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Muna naɗar kashin da ya yi magana kan Mother Love, ɗaya daga cikin waƙoƙin kundin, ina ba da labarin yadda Freddie Mercury, babban mawaƙin Queen, ya shiga sutudiyo a garin Montreux na ƙasar Switzerland cikin watan Mayu na 1991, ciwo ya riga ya cinye shi, ya rera baitocin farko ya tafi ya huta da niyyar dawowa. Bai sake tsayawa gaban makirfo ba har ya rasu ranar 24 ga Nuwamba, Brian May, mai kaɗa jita a ƙungiyar, shi ne ya rera baitin da ya rage. Ina kawowa nan, muryata ta ɗauke ɗif. Na buɗe baki, iska kawai ke fita. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa.

Yayana mai haɗa mana sauti, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Kai da ba ka taɓa magana a shiri ba, ka zagayo daga bayan gilashi, ka dafa kafaɗata, ka karɓi takardar, ka karance shafin da ya rage hannunka na rawa. Allah ya biya ka da Aljanna, ya jiƙan mahaifanka, ya raya maka zuri'a.

Da Made in Heaven ya fito a 1995 ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, amma wasu sun ce faci ne, tsofaffin waƙoƙin Freddie aka yi wa sabon kiɗa. Ni ma a da haka nake gani. Tun ranar da muryata ta ɗauke na janye maganata.

Uwargida da ta kwana goma a kan tabarma a asibiti, da ƙanwata mai kawo kunu da asuba, Allah ya saka muku da mafificin alheri. 'Yan'uwan da suka ce me ya haɗa ni da kiɗan Turawa, har aka sallame ni ko waya babu, abin ya yi mini ciwo, amma na yafe.

Masu sauraro, a ci gaba da sa ni a addu'a. Ranar Litinin za a sake duba maƙogwaron.