Sabunta PostgreSQL: toshe ɓaraka daban, kwashe ɓarna daban

Duk wanda ya daɗe yana kula da rumbun bayanai na PostgreSQL ya san ranakun da ake sakin gyare-gyare: Alhamis ta biyu a watannin Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba. Tun daga siga ta 10 da ta fito a 2017, lamba ta farko ita ce babbar siga, ta biyu kuma ƙaramin gyara. Tashi daga 16.2 zuwa 16.3 ƙaramin sabuntawa ne, ba ya taɓa yadda bayanai ke kwance a kan faifai, don haka ba a buƙatar pg_upgrade, kayan aikin da ake tashi da shi daga babbar siga zuwa wata, ba a buƙatar juye bayanai a sake lodawa. A tsayar da saba, a sa sabuwar manhaja, a tayar da ita. Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane, su ɗauka da zarar saba ta tashi aiki ya ƙare. Babban darasin da wannan aiki ke koya wa mutum shi ne sabuwar manhaja tana hana kuskure sake aukuwa ne kawai. Abin da kuskuren ya riga ya lalata yana nan kwance a cikin rumbu har sai an bi shi da hannu.

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar na siga ta 14. A cikinta an yi wani gyara don VACUUM, aikin da ke kwashe sharar tebur, ya daina jiran aikin CREATE INDEX CONCURRENTLY, wato gina fihirisa (jerin da ke hanzarta neman layi) ba tare da hana rubutu a tebur ba, kafin ya share tsofaffin layuka. Niyyar mai kyau ce, domin gina fihirisa a kan babban tebur yana iya ɗaukar sa'o'i, kuma a duk tsawon lokacin shara tana taruwa. Amma sai ya zamana idan an sauya wani layi yayin da ake tsakiyar gina fihirisar, kuma aka share tsohon kwafinsa da wuri, fihirisar tana iya kammaluwa babu wannan layin a ciki. Daga 14.0 har 14.3 matsalar tana nan. A ranar 16 ga Yunin 2022 aka saki 14.4 ba tare da jiran Agusta ba, aka janye wancan gyaran gaba ɗaya.

To, wanda ya sa 14.4 ya tafi abinsa, me ya samu? Fihirisar da zai gina daga yau lafiyayya ce. Wadda ya gina a watan Maris kuwa, in ta rasa layuka, har yanzu babu su. Kuma irin wannan ɓarna ba ta ihu. Babu saƙon kuskure a kundin saba. Tambayar da ta bi ta fihirisa za ta ce babu wannan mutumin, wadda ta karanta tebur daga farko zuwa ƙarshe za ta same shi. Idan fihirisar ita ce mai hana maimaita lamba, sai a sake shigar da lambar da take akwai, rumbu ya karɓa, a wayi gari mutum biyu na da lambar rajista ɗaya. Abin da ya kamata a yi bayan sabuntawar shi ne a gudanar da pg_amcheck tare da --heapallindexed, wanda ke tabbatar da cewa kowane layi na tebur yana da wakili a fihirisar B-tree, nau'in fihirisar da aka fi amfani da shi, ko kuma a sake gina duk fihirisar da aka taɓa ginawa ta wannan hanya da REINDEX CONCURRENTLY. A tanadi fili a faifai tukuna, domin sabuwar fihirisa tana zaune tare da tsohuwar har a gama. In aikin ya katse a tsakiya, zai bar gawar fihirisa mai ɗauke da _ccnew a ƙarshen sunanta, wadda ba a amfani da ita wajen nema amma tana iya ci gaba da cin aiki a duk rubutu. A dubi pg_index, duk inda indisvalid ya nuna ƙarya a binciki dalili, a goge gawar. Idan kuwa maimaitattun layuka sun riga sun shiga, REINDEX zai ƙi kammaluwa, kuma babu wata dabara sai a zauna da masu bayanan a tantance wane layi ne na gaskiya.

Shi ya sa a ganina sashen da ya fi kowane muhimmanci a takardar bayanin kowace fitowa shi ne ɗan gajeren sashen farko, mai maganar ƙaura zuwa wannan siga. Yawanci yana farawa da cewa ba a buƙatar juye bayanai, mutane su karanta wannan su rufe. Jumlar da ke biye, mai farawa da “amma”, ita ce aikin. Kuma wanda ya tsallake gyara huɗu, daga 16.1 ya haura 16.6, dole ya karanta na kowace siga da ke tsakani, domin takardar ƙarshe ba ta maimaita umarnin baya, nuni kawai take yi a koma a duba.

Ga wani irinsa daga Mayun 2024. An gano cewa pg_stats_ext da pg_stats_ext_exprs, tagogi biyu da ake duba ƙididdigar tebura ta cikinsu, suna nuna wa mai amfani ƙididdigar bayanan da bai da izinin gani, aka ba matsalar lamba CVE-2024-4317. Gyaran ya zo a 16.3, 15.7 da 14.12, amma ma'anar waɗannan abubuwa biyu tana rubuce ne a cikin kowane rumbu tun ranar da aka yi initdb, wato aka fara girka rumbun, sabuwar manhaja ba ta taɓa ta. Sabon girki ne kaɗai ke samun gyaran kai tsaye. Mai tsohon rumbu sai ya nemo fayil ɗin fix-CVE-2024-4317.sql a babban fayil na share, ya gudanar da shi a kowane rumbu ɗaya bayan ɗaya, har da template1 da template0, samfuran da ake kwafa idan za a ƙirƙiri sabon rumbu. Shi template0 a kulle yake, sai an buɗe shi da ALTER DATABASE template0 WITH ALLOW_CONNECTIONS true, a yi gyaran, a mayar da kullen. Wanda ya manta da waɗannan biyun, duk sabon rumbun da ya ƙirƙira gobe zai gaji tsohuwar ɓarakar.

Akwai kuma ɓarnar da ba daga PostgreSQL take zuwa ba, daga ƙasan da yake tsaye a kai take zuwa. Wajen jera kalmomi, PostgreSQL ya saba dogara da glibc, wata tushen manhaja da shirye-shiryen Linux ke amfani da ita. A 2018 aka saki glibc 2.28 da sabon tsarin jera haruffa, shi ne ya shigo da Debian 10 da RHEL 8. Gwajin da aka fi sani ƙarami ne: a tsohon tsari 11 na zuwa kafin 1-1, a sabon kuwa 1-1 ne a gaba. Fihirisar B-tree jeri ce da aka tsara bisa tsohuwar doka. Da zarar dokar ta sauya, nema zai bi hanyar da ba ta kai ga layin ba. Saboda haka ɗauke faifan bayanai daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, ko haɗa babbar saba mai tsohon glibc da mataimakiya (sabar da ke riƙe kwafin bayananta) mai sabo, duk hanyoyin lalata fihirisar rubutu ne ko da lambar sigar PostgreSQL ba ta motsa ba. Mu da sunayenmu ke cike da alamar hamza da ɗan karan haɗi, irin su Sa'adu da Asma'u da Ɗan-Asabe, ginshiƙin suna ne wurin da za a fara dubawa. Magani shi ne a sake gina duk fihirisar da ke kan rubutu kafin a buɗe wa jama'a. Daga siga ta 15 saba tana yin gargaɗi idan ta ga sigar tsarin jerin ta bambanta da wadda aka rubuta. Nan ma akwai tarko: ALTER DATABASE … REFRESH COLLATION VERSION yana kashe gargaɗin ne kawai, ba ya gyara komai. REINDEX ne farko, shi kuma daga baya.

Mai karatu na iya cewa in haka ne gara a bar saba yadda take. Ban yarda ba, ko da yake na fahimci tsoron, domin gyara ma yakan zo da nasa ciwon. A 14 ga Nuwamban 2024 an saki 17.1 da 'yan uwanta, sai aka tarar an sauya girman wani tsari na ciki mai suna ResultRelInfo, abin da ya rikita ƙarin manhajoji irin su TimescaleDB da aka harhaɗa bisa tsohon girman. Bayan mako ɗaya, ranar 21 ga wata, aka fito da 17.2. A Fabrairun 2025 aka sake yin haka: 17.3 ta toshe CVE-2025-1094, ɓarakar da ke cikin ayyukan killace rubutu na libpq, manhajar da shirye-shirye ke magana da saba ta cikinta, gyaran ya zo da kuskure, 17.4 ta biyo baya ranar 20 ga wata. Abin da waɗannan suka nuna shi ne a sa gyara a sabar gwaji a ranar da ya fito, tare da duk ƙarin manhajojin da ake amfani da su, a ba shi kamar mako guda, sannan a kai shi sabar aiki. Mako guda daban, shekara biyu daban. Da zarar an saki gyaran tsaro, masu neman ɓaraka suna karanta bambancin tsohon rubutun manhaja da sabo su gane inda raunin yake, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan raunin irin na Afrilun 2013 ne, lokacin da wanda bai da ko kalmar sirri zai iya lalata fayilolin saba ta hanyar aiko sunan rumbu mai farawa da ɗan karan haɗi, to babu maganar jiran mako.

Ita wannan ta Fabrairun 2025 tana da wani darasi da ake yawan mantawa: libpq yana zaune ne a kan na'urorin da ke haɗuwa da rumbu. Sabunta sabar rumbu kaɗai bai toshe ta ba. Sai an bi kowace sabar manhaja, kowane hoton Docker da aka gina da tsohon libpq, an sake su.

Wani gyaran kuma yakan zo da kamar ya ƙara matsala. Tun Fabrairun 2019, da 11.2 da 10.7, idan fsync, umarnin da ke tabbatar da rubutu ya isa faifai, ya gaza, PostgreSQL yana faɗuwa da gangan ya sake tashi daga kundin WAL, inda yake rubuta kowane sauyi kafin ya kai shi fayilolin bayanai. A da yana sake gwadawa, sai a 2018 aka gano cewa Linux na iya zubar da shafukan da suka kasa rubutuwa, gwaji na biyu ya dawo da “an yi nasara” alhali babu abin da ya isa faifai. Wanda ya ga sabarsa ta fara faɗuwa bayan wannan gyaran, faifansa ne ke ciwo. Kunna data_sync_retry don a daina ganin faɗuwar rufe ido ne, musamman a wuraren da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa kuma faifai ke shan wahala.

Shi kansa aikin ranar sabuntawa ba shi da tsawo idan an shirya. Mataimakan saba ake fara sabuntawa, babbar ta zo ƙarshe, domin sabuwar siga ta fi iya karanta WAL na tsohuwa fiye da akasin haka. Kafin tsayarwa a dubi pg_stat_activity ko akwai dogon aiki da ke gudana, a ba da umarnin CHECKPOINT, mai sauke sauye-sauyen da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai, da hannu don wanda za a yi lokacin rufewa ya zama gajere, sannan pg_ctl stop -m fast. Mai PgBouncer, manhajar da ke tsaye tsakanin masu amfani da saba, zai iya yin PAUSE, ya sake tayar da saba, ya yi RESUME, masu amfani su ga jinkirin daƙiƙoƙi kawai. A Debian da Ubuntu a sani cewa apt yana sake tayar da saba da kansa yayin girka kunshin, saboda haka kada a bar sabuntawa ta atomatik ta taɓa PostgreSQL da tsakar ranar aiki. Bayan an tashi, SELECT version() ne shaida, domin psql --version sigar abin da ke hannunka yake faɗa, ba ta sabar da ke gudana ba. Minti na farko za a ga nauyi saboda shared_buffers, ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi a ƙwaƙwalwa, ya tashi fanko, pg_prewarm na rage wannan. Ƙarin manhajoji kuma suna da nasu matakin, ALTER EXTENSION … UPDATE a kowane rumbu.

Kwafin ajiya kafin a taɓa komai wajibi ne, amma kwafin da ba a taɓa gwada maidowa ba zato ne kawai. A 31 ga Janairun 2017 GitLab ya rasa bayanan kusan sa'o'i shida bayan an goge babban fayil na rumbu bisa kuskure, kuma a bayanin da suka wallafa da kansu sun ce pg_dump ɗinsu na siga 9.2 ne alhali saba na 9.6, don haka ya daɗe yana gazawa ba wanda ya sani. A ɗauki pg_basebackup, a tantance shi da pg_verifybackup, a tayar da shi a wata na'ura a ƙirga layukan manyan tebura.

Kowace babbar siga shekara biyar ake tallafa mata, gyaranta na ƙarshe yana fitowa a Nuwamba. Siga ta 12 ta tsaya a 12.22 a Nuwamban 2024, kuma ɓarakar libpq da aka toshe bayan wata uku ba a saki gyaranta ga 12 ba. Mai rumbu a kan sigar da ta rage mata shekara ɗaya ya fara gwajin pg_upgrade --check a kan kwafi tun yanzu, ya rubuta jerin ƙarin manhajojinsa da sigar glibc na na'urar da zai koma.