Kwana Biyu a Dausayin Baturiya

A tsakiyar hunturun bana na tashi daga Kano, na bi ta Ringim da Gujungu zuwa Haɗeja, daga nan na miƙe Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, domin in ga tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi sanyi a dausayin. Ina yaro kawuna ya taɓa kai ni wurin, kuma har yau ban manta yadda garken kirinjijiya ke tashi lokaci guda har ya rufe ido ba.

Dattijon da ya tuƙa ni a kwalekwale masunci ne, kuma tun kafin mu yi nisa muka shiga kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe hanyoyin ruwa, har sai da ya ajiye filafili ya riƙa tura mu da gora. Na ce, “Baba, ina tsuntsayen?” Ya nuna mini wani ɗan fili inda ɗinya 'yan kaɗan da zalɓe guda ke kiwo, ya ce, “Ɗana, ruwa ne ya daina cika alkawari.” A cewarsa, da can ambaliya kan zo a hankali, kifi ya bi ta ya yi ƙwai cikin ciyawa, sannan ta janye ta bar laka mai cike da abincin tsuntsaye. Yanzu kuwa damina kan makara, sai kuma a sheƙa ruwan wata guda cikin 'yan kwanaki, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da ambaliya ta cinye gonaki a Jigawa, bayan haka zafin rana ya tsotse tafkunan da wuri.

Ba zan ɗora wa sauyin yanayi laifin duka ba, domin madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 su ma sun canza tafiyar Kogin Haɗeja, kuma ruwan da ke kwanciya rani da damina shi ne ya ba kacalla gindin zama. Amma tafiya ta yi tafiya, matsalolin biyu sun haɗe: kacallar ta zama maɓoyar jan-baki, tsuntsun da kan sauka a gonar shinkafa ko gero ya bar manomi da kara.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne itatuwa. A gefen tudu na ga bagaruwa da dama sun bushe a tsaye, saiwarsu ta ruɓe saboda daɗewa cikin ruwa, ɗan gaba kaɗan kuma ga tsofaffin kukoki ba ko ɗaya ƙarama a kusa da su, domin tsiron da fari bai kashe ba awaki sun cinye. Da na tambayi dattijon ko gauraka na zuwa har yanzu, sai ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce jikansa da ke zaune a goshin jirgin bai taɓa jin kukanta ba.