Littafin tsohon kyaftin ɗin Ingila da yaron da nake yi wa tsawa

Lokacin da nake karatu a Leeds gidan da na kama haya bai fi tafiyar minti goma zuwa filin Headingley ba, amma ban san komai a kan kurket ba, sai dai in hango mutane cikin fararen kaya. Abokaina ƴan Pakistan su suka ja ni, tun ina tsinto musu ƙwallo har na iya riƙe sanda, a shekara ta uku kawai suka ce ni ne kyaftin ɗin ƴar ƙungiyarmu ta ranar Lahadi.

Wasa huɗu a jere aka ci mu. Ni kuwa abin da na taso da shi a ƙwallon unguwa shi ne ihu, duk wanda ya yi kuskure in daka masa tsawa. Wani dattijo da ke mana alƙalanci ya ja ni gefe ya ce, ɗana, je ka nemi littafin Mike Brearley, The Art of Captaincy, na ce to Baba, washegari na aro shi a laburare.

A 1985 littafin ya fito. Shi Brearley ɗin ba wani gwanin bugu ba ne fa, bai taɓa yi wa Ingila maki 100 a wasan Tes ba, wato babban wasan ƙasa da ƙasa, amma wasa 31 ya jagoranta ya ci 18, huɗu kacal aka doke shi, bayan ya daina wasa kuma ya koma aikin sauraron masu damuwar zuciya. Gaskiya da farko na sha wuya, don ya ɗauka ka san sunan kowace matsaya a fili, sai da na zana da'ira a takarda ina sa ɗigo ina rubuta sunaye kafin na fara gane abin da yake faɗa. Wanda zai karanta irin littafin nan ya fara da zanen nan, kuma kar ya yi gaggawa, babi ɗaya a sati ya isa, ka je fili ka gwada ka dawo.

Abin da ya fi zauna min a rai shi ne 1981, kuma a nan Headingley ɗin da nake wucewa kullum aka yi. Ian Botham ya ajiye kyaftin ɗin Ingila bayan an fitar da shi ba maki ko ɗaya sau biyu a filin Lord's na Landan, aka dawo da Brearley, sai ga Botham ɗin nan ya buga maki 149 a kan Ostareliya ba a fitar da shi ba. Ostareliya na neman 130 kawai, sun kai 56 mutum ɗaya suka rasa, Bob Willis, mai jifa na Ingila, ya roƙa a mayar da shi ɓangaren filin da ake kira Kirkstall Lane inda zai rugo da gangara, kyaftin ya saurare shi, Willis ya fitar da mutum 8 a kan maki 43, Ingila ta ci da tazarar 18. Wallahi na daɗe ina juya wannan, mai jifa ne ya san inda ƙafarsa ke zama daidai, kyaftin ya yarda da shi.

Muna da wani yaro mai ƙarfin jifa amma ƙwallonsa sai ta yi ta baɗewa gefe, shi na fi yi wa tsawa. Ranar Lahadin da ta biyo na same shi kafin a fara, na ce ƙanena, wane ɓangare kake so? Ya yi shiru, sannan ya ce duk satukan nan iska yake fuskanta kuma tsoron ihuna ke sa hannunsa rawa. Abin ya taɓa ni sosai, na ba shi haƙuri. Na ba shi ɓangaren da ya zaɓa, ya fitar da mutum biyu, an dai ci mu ranar ma amma da ƙyar, kuma da muka tashi shi ya ɗauko min jakar kaya har tashar bas yana tambaya ko zan ara masa littafin in na gama.