Zafi ya fara shigowa, barci ya gudu

Tunda rana ta fara daɗewa bata faɗi ba barcin yaran nan ya rikice wlh, ƙarfe takwas in ce a kwanta sai babbar ta ɗaga labule tace Mama ai gari da haske, to me zan ce mata, kuma haka ranar zata yi ta ƙara daɗewa bata faɗi ba har wajen 21 ga Yuni. Ɗan shekara 3 zuwa 5 kuwa awa 10 zuwa 13 yake buƙata, in bai samu ba duk gidan sai an ji a jika.

Rigunan sanyi na ninke, na zafin bara kuma sun ɗage musu, cibiya a waje. Ƙaramin kam ya gano bokiti, ba wanda ya sa shi wanka, idona dai na kansa don ruwa kaɗan ma hatsari ne.